Husufin rana na 2 ga Agusta 2027: me za mu ba mutane su sa a ido idan muka tara su?

Hadiza, aji uku Fiziks:
Assalamu alaikum malamanmu da 'yan'uwa. Na kawo maganar nan tun da sauran lokaci ne don kada a zo ana gudu-gudu. Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 za a yi husufin rana. Inuwar wata za ta bi ta kudancin Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya da Masar, ta tsallaka Bahar Maliya ta sauka Jidda da Makka, ta wuce Yaman da Somaliya. A kusa da Luksor ta Masar rana za ta rufe ruf har minti 6 da daƙiƙa 23. Mu nan Arewa ba ma kan hanyar inuwar, gefe ɗaya kawai wata zai ci, kuma da hantsi ne. Ina so mu nemi izinin hukumar makaranta mu tara ɗalibai a filin gaban ɗakin karatu mu kalla tare, har da yaran makarantar 'ya'yan ma'aikata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in muka ce wa ɗaruruwan mutane su zo su ɗaga kai sama, me za mu ba su su kare ido?

Bashir Injiniya:
Wa alaikumus salam. Hadiza wannan ai ba abin damuwa ba ne. A bitar sashenmu akwai gilashin walda, a bakin kasuwa ma masu walda sun cika. Wanda bai samu ba a kawo masa daro da ruwa ya leƙa. Kakanninmu da ƙwarya suke kallo, ba mu ji an ce gari ya makance ba.

Auwal ma'aji:
Ni dai ku tuna asusunmu ba nauyi. Duk shawarar da ba ta cin kuɗi ina bayanta.

Malam Garba, ɗakin gwaji:
Bashir ɗana, tsaya ka ji. Ni ba na yawan magana a nan, amma wannan ba zan yi shiru ba.

A 2006 ina Katsina. Ranar Laraba ce 29 ga Maris, kwana biyu da gama ƙidayar jama'a. Tun da safe muka fasa gilashin taga muka kara shi a kan aci-balbal har ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, kamar yadda muka ga manya na yi. Wani abokina kuma ya zo da fim ɗin hoton ƙirji na asibiti. Da waɗannan muka yi ta kallo tun rana ta fara guntulewa, ka kalla ka miƙa wa na kusa, ya dawo maka da shi ka sake. Hayaƙin nan duk inda yatsa ya taɓa sai ya goge, ba mu damu ba. Wajen ƙarfe goma da rabi gari ya yi duhu kamar an kifa kwano. Iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, Zara ta fito a sama tsakar hantsi, unguwa ta ɗauki kabbara. Wallahi har gobe ban ga abin da ya kai shi ba. Da ranar ta fara leƙowa kuma sai na kasa ɗauke ido, na ci gaba da kallo ba gilashin ma gaba ɗaya.

Ban ji zafi ba, ko kaɗan. Na yi yinina lafiya. Washegari da asuba na buɗe Alƙur'ani, sai na ga duk harafin da na zuba wa ido ya ɓace, na gefensa na nan. Na wanke fuska na sake dubawa, haka. Idon hagu ya dawo daidai bayan wasu watanni. Na dama har yau akwai ɗigo a tsakiyarsa, in zan karanta awo a ma'auni sai na rufe shi. Wasunku sun sha ganina ina yin haka a ɗakin gwaji, to dalilin ke nan. Gari bai makance ba, gaskiyarka Bashir. Amma irina ba wanda ya bi gida-gida ya ƙirga mu.

Rahila, Kimiyyar Halittu:
Kai Baba Garba, Allah ya ƙara sauƙi. Shekara biyu ina shiga wurinka ban taɓa sani ba.

Bashir Injiniya:
Allah ya ba ka haƙuri Baba, ban san haka ba. Amma ai kai da ido tsirara ka kalla a ƙarshe. Ni gilashin walda da ruwa na ce.

Dakta Zainab:
Bari in shigo, tunda ido ne aikina. Malam Garba sannu, abin da ka faɗa shi ne daidai yadda ciwon yake zuwa.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai laushi da ke karɓar hoto, likitoci na ce masa retina. Gaban ido kuma yana tattara haske ya tara shi wuri ɗaya a kan tantanin nan, kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashin ƙara girman rubutu su ƙona takarda. Wurin da hasken ke taruwa shi ne tsakiyar gani, wanda kake karatu da shi, kake gane fuska da shi, kake zura zare a allura da shi. Tantanin nan ba shi da jijiyar jin zafi. Shi ya sa mutum zai yi wa kansa illa yana dariya, sai bayan awanni ko washegari ya fara ganin ɗigo, ko dishi-dishi, ko layi miƙaƙƙe ya karkace. Ba mu da maganin da aka tabbatar yana gyara shi. Da yawa suna samun sauƙi cikin watanni, wasu kuma shi ke nan. Bayan husufin Amurka na 21 ga Agusta 2017, likitoci a New York sun ɗauki hoton bayan idon wata matashiya, tabon ya fito da siffar jinjirin wata, sak yadda ranar take lokacin da ta kalle ta.

A ranar da ba husufi, ido da kansa yake ƙin rana, kafin ka yi daƙiƙa ɗaya ka kau da kai. Ranar husufi sha'awa ce ke rinjayar wannan, mutum ya daure ya ƙura ido, ya huta, ya sake. Haɗarin ke nan.

Malam Kabiru, Fiziks:
Na gode Dakta. Bashir zo mu yi lissafi, kai injiniya ne. Tabarau na kallon rana, irin na kwali mai ledar tace haske, da ya cika ƙa'idar inganci ta duniya mai lamba ISO 12312-2 ba ya barin hasken da ya wuce kamar kashi 3 cikin 100,000 ya shiga ido. Ruwa a daro, idan rana ta ɗaga, yana maido da kamar kashi 2 cikin 100. Mai da shi ma'auni ɗaya: 2,000 cikin 100,000. Ka ga ya ninka abin da ido zai ɗauka sau ɗaruruwa. Baƙin tabarau na gayu, mafi duhunsa ma yana barin kashi 3 cikin 100 ko fiye, ko ka jera uku ba ka tsira ba. Gilashi mai hayaƙi, fim ɗin asibiti, faifan CD, ledar biskit mai ƙyalli, duk a ajiye su. Wasunsu suna rage hasken da kake gani har ka saki jiki, alhali wanda ido ba ya gani yana wucewa.

Gilashin walda kuwa lamba gare shi. Daga 12 zuwa 14 ne ake yarda da su, 14 ta fi. Yawancin abin da ke hannun masu walda na bakin titi bai kai nan ba, wasu ma ba lamba a jiki, baƙin gilashi ne kawai aka yanka. Duk wanda ba mu karanta lambarsa da idonmu ba, ba zai shiga filin nan ba.

Bashir Injiniya:
Na ji lissafin Malam, na kuma karɓa. Gobe zan duba na bitarmu in faɗi lambobin da na gani. Amma fa a sani, ranar nan a cikin gari daro za a fito da shi ko mun so ko mun ƙi.

Maman Sadiƙ, rajista:
To ni a nan nake da magana. Tunda abin haka yake da haɗari, don me za mu tara yara? Ni 'ya'yana uku a makarantar ma'aikata. A fitar da sanarwa kawai kowa ya zauna a ɗaki a rufe taga har abin ya wuce. Wanda ke so ya kalla a talabijin. In yaro ɗaya ya samu matsala, wa zai fuskanci uwarsa? Hadiza ce ko Malam Kabiru?

Hadiza, aji uku Fiziks:
Mama tambayarki ita ce ta sa na buɗe maganar tun farko. Ban da amsa mai daɗi. Abin da na sani, ɗan aji biyar da aka ce masa kada ya kalli sama, shi ne zai fara zamewa ta bayan aji.

Isuhu Maraɗi:
Hajiya, ku yi mini izini in faɗi abin da ni gani. A 2006 ina ƙaramin yaro a Maraɗi, mu ma inuwar ta bi ta kanmu kamar Katsina da Gusau. Gidanmu an kulle mu ɗaka, an ce duk wanda ya fita zai makance. Da muka ji kabbara waje sai muka yi ta leƙe ta kafar ƙyaure, yayana ma ya haura katanga. Ba wanda ya gaya muna yadda ake kallo, an dai ce kada a kalla. Allah ne ya tsare. Da malamin lakwal ya tara mu ya gwada muna a bango, da ya fi wannan kulle nesa ba kusa ba.

Maman Sadiƙ, rajista:
Na ji ka Isuhu. Amma bambancin shi ne, wanda ya haura katanga shi ya kai kansa. Wanda muka aika wa takardar gayyata mu muka kira shi. Amana ce.

Malam Kabiru, Fiziks:
Hajiya kin faɗi gaskiya, kuma a kan wannan amanar ya kamata a gina shirin duka. Ni ra'ayina, yaran firamare ba za su kalli sama ba sam, ko da tabarau. Tabarau ɗin nan an yi su ne daidai fuskar babba, a fuskar yaro haske na shiga ta gefe, ga shi yaro na iya ɗaga shi ya leƙa. Su za mu kawo musu ranar ƙasa ne.

Hanyoyin ba su da wuya. Ka huda kwali da tsinken allura, ka juya wa rana baya, hasken ya bi ta hudar ya sauka a farar takarda. Abin da za ka gani hoton rana ne kansa, ba siffar hudar ba. Girmansa kamar kashi ɗaya cikin 109 na nisan da ke tsakani, wato mita ɗaya na ba ka milimita 9. Ƙarami ne, amma guntun da wata ya ci zai fito sarai. Wanda ya fi shi armashi ga taro shi ne madubi: a rufe ƙaramin madubi da takarda a bar rami kamar faɗin ƙwayar wake, a haska shi a bango mai inuwa. Daga mita 10 za a sami hoto kusan santimita 9, aji guda za su gani lokaci ɗaya. Sharaɗi, babba ne zai riƙe madubin, kuma ba a haska shi a fuskar kowa. Gwagwar tace shinkafa ma tana yi, kowace huda ta ba da nata jinjirin. Sannan bishiyoyin darbejiyar da ke gaban ɗakin karatu, ku duba ƙarƙashinsu da hantsi. Ɗige-ɗigen hasken nan masu zagaye da ke ƙasa, kowanne hoton rana ne. Ranar husufi duk za su koma kamar lauje. A shimfiɗa farin zane a wurin, yara ba za su so tashi ba.

Rahila, Kimiyyar Halittu:
Wannan na darbejiya ban taɓa lura ba. Yanzu na fita na duba, wallahi zagaye suke duka.

Auwal ma'aji:
Kwali, madubi, gwagwa, zane. Wannan asusu zai iya.

Sagir 400L:
Ni fa gaskiya ba zan zo in kalli bango ba. Ana husufi a sama ina kallon ƙasa? Kowa zai so ya gani da idonsa. In ba ku kawo tabarau ba mutane za su saya a hannun masu talla a bakin ƙofa, kuma kun san irin abin da za a kawo.

Dakta Zainab:
Sagir bai yi ƙarya ba. Manya za su so kallo kai tsaye, gara mu tanadi na gaske. Amma a yi hattara, rubuta ISO 12312-2 a jikin kwali ba wuya, duk mai injin buga takarda zai iya. A 2017 jabu sun cika kasuwa a Amurka har kamfanin Amazon ya mayar wa mutane kuɗinsu. Ƙungiyar masana taurari ta Amurka tana da jerin kamfanonin da ta tantance a shafinta na intanet, daga ciki za a zaɓa, a saya kai tsaye, ba ta hannun ɗan tsakiya ba. In sun iso a duba su ɗaya bayan ɗaya. Ka sa shi a ɗaki: in ka ga kujera, ko taga, ko fuskar mutum, jefar da shi. Ko ƙwan lantarki mai ƙarfi, dishi-dishi kawai ya kamata ka gani. Mai ƙarzuwa, mai huda, wanda ledar ta fara rabuwa da kwalin, duk a yaga su don kada wani ya tsinta. Wannan gwajin yana fitar da mugun jabu ne kawai, ba ya tabbatar da nagari, don haka inda aka saya shi ne magana.

Yadda ake sawa ma sai an koya: ka sunkuyar da kai ka sa, sannan ka ɗaga. Ka kau da kai tukuna, sannan ka cire. Mai tabarau na likita ya ɗora shi a kai, kada ya cire nasa.

Wani abu kuma da ba a kawo ba. In za a riƙa karɓa-karɓa, tabarau ɗaya fuska ashirin, ku tuna da afolo. Gara a sayi irin na riƙewa a hannu, ko a manna ledar tacewar a tsakiyar faffaɗan kwali mai mariƙi, mutum ya kara a gaban fuska ba tare da ya taɓa ido ba. Faɗin kwalin ma yana tare hasken gefe.

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga sama, kuma na ƙaru. Sai dai ban ga wanda ya ambaci salla ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu a Madina an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Sai Annabi ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an ga haka a yi salla a yi addu'a. Yana cikin Bukhari da Muslim. Raka'a biyu ce, kowace raka'a tsayuwa biyu da ruku'u biyu, ba kiran salla ba iƙama, kuma a Risala karatun a asirce yake, mai tsawo. Tsorona kada a mai da abin biki, a kawo lasifika da kiɗa, a bar masallaci ba kowa.

Sagir 400L:
Ustaz to in an shiga salla mai tsawon Baƙara ai kafin a fito an gama.

Ustaz Nura:
Malam Sagir, sallar ita aka umarce mu da ita, kallon ba wanda ya wajabta shi. Amma ban ce haramun ba ne. A tsara dai.

Malam Kabiru, Fiziks:
Allah ya gafarta Malam, ba sai an zaɓi ɗaya ba. Daga lokacin da wata ya fara taɓa gefen rana zuwa ya sake ta, a nan wurinmu za a haura awa guda. Da an matso za mu fitar da jadawali minti-minti na garin nan mu kawo wa kwamitin masallaci, liman ya ga inda zai sa sallar. Akwai ma taimakon da za mu yi muku. Tunda gefe kawai za a ci, gari ba zai yi duhu ba, mai tafiya a hanya zai iya wucewa bai san ana yi ba. To kada ladan ko wani dattijo ya fito yana ƙura wa rana ido don ya tabbatar an fara. Mu kafa madubi ɗaya a bangon masallaci, kowa ya gani da idonsa kafin a tayar.

Ustaz Nura:
Wannan ya yi. Kuma zan roƙi liman ya yi maganar ido a huɗubar Juma'ar da ke gabanta. Abin da Malam Garba ya faɗa, in ya yarda, a faɗa wa mutane ko ba suna. Akwai kuma abin da nake hange: ranar za ta faɗo ƙarshen Safar, ga shi Makka za ta yi duhu wajen minti 5. Za ku ga saƙonni na yawo a WhatsApp ana cewa alamar kaza ce. Hadisin da na kawo shi ne amsarsu.

Malam Garba, ɗakin gwaji:
A faɗa da sunana Ustaz. Ba abin ɓoyewa ba ne.

Rahila, Kimiyyar Halittu:
Mu ma zan kai maganar majami'a a sanar ranar Lahadi, tunda washegari ne. Kuma lokacin da 'yan'uwa Musulmi suka shiga salla, mu za mu tsaya a kan kayan da yaran, kada fili ya zama ba mai lura. Tambaya ɗaya: a gida ana cewa mai ciki kada ta fita ranar husufi. Akwai gaskiya a ciki?

Dakta Zainab:
Babu, Rahila. Rana ba ta fitar da wani haske na daban ranar husufi, wata ne kawai ya gitta. Mai ciki ta kare idonta kamar kowa, ta nemi inuwa, ta sha ruwa.

Sagir 400L:
Malam Kabiru, in wata ne ke gittawa, me ya sa ba a yi duk ƙarshen wata?

Malam Kabiru, Fiziks:
Saboda hanyar wata ta karkace da kamar digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi, yawancin watanni inuwarsa ta sama ko ta ƙasa take wucewa. Rana ta fi wata faɗi kamar sau 400, ta kuma fi shi nisa kamar sau 400, shi ya sa in sun daidaita yake rufe ta cif. Kuma abin yana da zagaye na shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kamar awa 8. Wanda Malam Garba ya gani a Katsina a 2006, ɗan'uwansa ne ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada ranar 8 ga Afrilu 2024. Awa takwas ɗin nan ce ta tura shi yamma.

Bari in ja kunne a kan abu ɗaya tun yanzu, don shi na fi tsoro. Za a ga bidiyon Masar da Makka mutane sun cire tabarau suna kallo. Su a 'yan mintocin da rana ta rufe gaba ɗaya ne kawai suke da wannan damar. Mu ba mu da ita ko ta daƙiƙa ɗaya, daga farko har ƙarshe. A rubuta wannan da manyan baƙaƙe a ƙofar fili, da Hausa da Turanci da ajami. Namu mai rufewa ruf sai 20 ga Maris 2034, wanda zai bi ta Najeriya, Kamaru, Chadi da Sudan, ga mai yawan rai.

Bashir Injiniya:
Na'urar hangen nesan sashenku fa, Malam? Da tabarau ɗin a fuska ba sai a leƙa ba?

Malam Kabiru, Fiziks:
A'a! Bashir, wannan ya fi komai muni. Na'urar na tara hasken ne, zai huda ledar tabarau nan take ya shiga ido. Matacin haske a gaban na'ura ake ɗaura shi, bakin da ke fuskantar rana, a ɗaure shi yadda iska ko hannun yaro ba zai cire ba. Ƙaramar na'urar saiti da ke gefe a rufe ta ko a kwance ta. Mutum ɗaya zai tsaya a kanta ba ya motsawa. In ba mu sami matacin da ya dace ba, tana nan a kulle a ofis. Haka duk wanda ya zo da abin hangen nesa na hannu daga gida, a karɓa a ajiye masa. Masu ɗauka da waya kuma, matsalar ita ce suna saiti suna kallon ranar ta gefen wayar. Su ɗauki hoton bango, ya fi kyau ma.

Maman Sadiƙ, rajista:
To ga sharuɗɗana, in ana so in kai takardar nan sama da hannuna. Yara ba sa zuwa sai da malaman ajinsu. Kowane yara goma babba ɗaya. Wurinsu daban ƙarƙashin bishiya ko rumfa, ba a cakuɗa su da ɗalibai ba. Iyaye su sa hannu. Kuma motar asibiti ta tsaya.

Dakta Zainab:
Na yarda da duka Hajiya, sai dai motar ba ido za ta yi wa aiki ba, don ciwon ba a wurin yake nunawa ba. Ta tsaya saboda masu jiri. Abin da ya fi amfani, a raba 'yar takarda mai alamomin da na lissafa, a ce duk wanda ya ga ɗaya daga ciki a kwana ɗaya ko biyu ya zo a duba shi. Zan ware safiyar Talata da Laraba.

Isuhu Maraɗi:
Ba wanda ya yi maganar damina. Agusta fa. In hadari ya rufe?

Hadiza, aji uku Fiziks:
In ya rufe mu koma babban ɗakin taro, a haska na Luksor kai tsaye da majigi, sai a tanadi janareta. Amma gajimare marar kauri ya fi ba ni tsoro, irin wanda rana ke bayyana ta cikinsa kamar faranti. Nan ne kowa zai ce ai ba zafi.

Malam Kabiru, Fiziks:
Haka ne, kuma gajimare na yayewa ba sallama. Dokar ba ta canzawa. Sannan muna da damar gwaji kafin Agusta. Ranar Asabar 6 ga Fabrairu 2027 akwai husufi mai zobe, wanda wata ba ya rufe rana duka, zai ƙare a gaɓar Kwaddibuwa, Gana, Togo, Binin da wajen Legas dab da faɗuwar rana. Lokacin hazo ne, rana na yin ja ta dushe, mutane su ɗauka an tace musu ita. Mu yi ƙaramin taro na mu kaɗai ranar, mu ga inda shirin ke yoyo.

Ustaz Nura:
Wannan na yamma akwai maganar malamai a kansa. A mashhurin mazhabar Malikiyya lokacin sallar daga hantsi ne zuwa zawali, Shafi'iyya kuma suna yi ko bayan la'asar. Zan tambayi liman abin da za a bi.

Auwal ma'aji:
To a ba ni adadi. Nawa za a saya, kuma wa zai rubuta wa tsofaffin ɗalibai? Kaya daga waje ba a sa musu rana, in za a yi gwajin Fabrairu sai an tura kuɗi da wuri. Kuma har yanzu ba wanda ya duba ko 2 ga Agusta za ta faɗo cikin jarrabawa ko hutu.

Hadiza, aji uku Fiziks:
Zan je ofishin tsare-tsaren karatu in tambaya. Adadi kuma mu fara da 100 na riƙewa a hannu, layi-layi, kowa rabin minti ya miƙa. Wasiƙar ni da Rahila za mu rubuta, Malam ya duba.

Bashir Injiniya:
Na dawo daga bita. Gilashi bakwai na samu: huɗu lamba 10, ɗaya 11, biyu ba lamba. Ko ɗaya bai kai ba, na janye maganata. Na kuma gwada madubin a bayan bitar, daga taku goma sha biyu. Hoton ya fito zagaye kamar bakin kofi, amma yana rawa saboda hannu, kuma cikin 'yan mintoci ya gusa daga inda na yi alama. Zan ƙera masa mariƙi mai juyawa da ƙarfen da ya rage. Guda nawa ake so?

Malam Kabiru, Fiziks:
Shida. Ɗaya na masallaci, biyu na yara, uku na fili. Ka gwada ramin da girma daban-daban, ƙarami ya fi fitar da gefe amma hasken na raguwa.

Malam Garba, ɗakin gwaji:
Bashir ka kawo su ɗakin gwaji in ka gama, akwai madubai a kabad na biyu da ba a amfani da su. Hadiza, ranar ki sa ni a wurin yara.